Yadda Ake Tallata Kamfanin Tura Kuɗi Ta Waya a Shafukan Sada Zumunta

Duk wanda ya saba sayayya a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san wannan tsayuwa. An gama ciniki, an ɗaure kaya, mai saye ya tura kuɗi ya nuna shaida a wayarsa, amma mai shago bai saki leda ba, idonsa na kan tasa wayar. "Alhaji, a ɗan ƙara haƙuri, alat bai shigo ba," in ji shi. Shi kuwa Alhajin sai ya ce, "Malam, ga shi fa an riga an cire a wajena." A cikin wannan minti biyu ko uku ake yanke wa kamfanin da ya ɗauko kuɗin hukunci, kuma kafin la'asar duk 'yan layin sun ji sunan manhajar da ta riƙe cinikin.

Shi ya sa tallan irin wannan kamfani ya sha bamban da tallan sabulu ko lemon kwalba, domin abin da ake roƙon mutum ya miƙa shi ne jarinsa. Jama'a sun ga yadda MMM, wani tsarin zuba kuɗi mai alkawarin riba mai yawa, ta tsaya da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, sun kuma ga rushewar wani makamancinta mai suna CBEX a watan Afrilu na 2025, ga shi ɗimbin masu tura kuɗi ta waya tilas ce ta shigar da su a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Aikin mai kula da shafukan kamfani, kenan, shi ne gina amana a bainar jama'a, kuma matakan da ke tafe duk a kan wannan aka jera su.

Mataki na farko: takardu kafin talla

Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, mai talla ya zauna da lauyan kamfani ya san irin lasisin da Babban Bankin Najeriya ya ba su, domin lasisin ne iyakar abin da za a iya alkawartawa. Bisa rabe-raben da bankin ya fitar a watan Disamba na 2020, kamfanin da aka ba izinin sarrafa biyan kuɗi kawai ba shi da hurumin riƙe kuɗin jama'a, haka kuma bankunan biyan kuɗi irin su MoMo na MTN da SmartCash na Airtel ba a yarje musu su ba da bashi ba. Wanda bai san wannan ba zai iya rubuta alkawarin da zai jawo wa kamfaninsa tara.

Idan hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta rufa wa kuɗin kwastomominku baya, wannan na cikin manyan abubuwan da za ku riƙa faɗa, tare da adadin. A 2024 hukumar ta ɗaga iyakar abin da take biyan mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. A tabbatar da rukunin da kamfani yake ciki, a faɗi adadinsa daidai, ba tare da ƙari ba.

Sai hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. Tana buƙatar a kai mata talla ta tantance kafin ya fita, har da na intanet, kuma tun daga 1 ga Oktoba 2022 ta hana sa 'yan ƙasashen waje a hoton talla ko muryarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta watan Yuni na 2023 ita ma ta shafe ku kai tsaye: ba a sayen jerin lambobin waya a zuba mutane cikin guruf ɗin WhatsApp ba da saninsu ba, kuma ba a wallafa hoton kwastoma ko na rasiɗinsa sai da izininsa.

Mataki na biyu: a zaɓi mutum ɗaya da za a yi wa magana

Binciken 2023 na EFInA, ƙungiyar da ke nazarin yadda jama'a ke hulɗa da cibiyoyin kuɗi, ya nuna kashi 26 cikin ɗari na baligan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka fi yawan irin waɗannan mutane. Wannan adadi yakan ruɗi kamfanoni su ɗauka Arewa kasuwa ɗaya ce da talla ɗaya zai ishe ta. Dillalin hatsi a Dawanau damuwarsa iyakar abin da zai iya turawa a rana ɗaya. Mai POS a bakin tasha yana lissafin abin da ake cire masa a kowace cira da saurin mayar da kuɗin da ya maƙale. Matar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa daga cikin gida tana son ta tabbatar kuɗi ya shigo kafin ta ba ɗan aike kaya. Ɗalibi kuwa arhar data yake nema.

A zaɓi rukuni ɗaya a fara da shi na tsawon wata uku. Hanyar saninsa ita ce a bar ofis a je a zauna a kan benci kusa da shi yini guda, a riƙa rubuta kalmomin da yake faɗa. A nan za a ji cewa ba wanda ke maganar "hada-hadar kuɗi ta zamani". Abin da ake faɗa shi ne tiransifa, alat, caji, netwok, "kuɗina ya maƙale", "an yi mini alat na bogi". Da waɗannan kalmomi za a rubuta talla.

Mataki na uku: teburin koke ya riga talla buɗewa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran duka nauyi. Ranar da aka wallafa talla na farko, yawancin abin da zai taru a ƙarƙashinsa ba yabo ba ne, koke ne na waɗanda kuɗinsu ya maƙale, kuma duk mai niyyar buɗe asusu sai ya karanta waɗannan koke-koke kafin ya kalli bidiyon da aka kashe wa kuɗi. Idan ya ga mutum goma suna kuka ba wanda ya kula su, talla ya zama shaida a kan kamfani.

Akwai haɗari na biyu da ya fi wannan muni. 'Yan damfara suna buɗe shafuka masu suna da tambari irin na kamfani, suna laɓe suna jiran mai koke. Da zarar wata ta rubuta cewa ta tura naira 40,000 ba ta isa ba, sai su riga ma'aikatan gaskiya amsawa, su ba ta lambar WhatsApp, su nemi lambar katinta da lambar sirrin da za a turo mata, su kwashe abin da ya rage. Ita kuwa har abada sunan kamfanin za ta riƙa kira a matsayin wanda ya cuce ta. Saboda haka saurin amsa kariya ce ga dukiyar mutane.

Ga yadda ake shirya teburin. Da farko a samu aƙalla mutum biyu masu jin Hausa sosai, waɗanda aka ba damar duba matsayin kowace turawa a kwamfutar kamfani, domin wanda ba ya iya ganin inda kuɗi ya tsaya ba abin da zai iya sai ba da haƙuri. A tsara musu aiki har dare da ranakun hutu, saboda kasuwa ba ta bin lokacin ofis. A yanke lokacin da ba za a wuce ba kafin amsa ta farko, a rubuta shi inda kowa zai gani. Sannan a manna sanarwa a saman kowane shafi mai ɗauke da sunayen shafukan kamfani na gaskiya da lambar kira guda ɗaya, tare da gargaɗin cewa ma'aikaci ba zai taɓa tambayar lambar sirri ba. Kada a dogara da shuɗiyar alamar tantancewa kaɗai, tun da yanzu a X (tsohon Twitter) da shafukan Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ana iya biyan kuɗi a same ta. A ware wani ya riƙa neman shafukan bogi kullum yana kai ƙararsu.

Ita amsar kanta tana da tsari. Misali: "Sannu Hajiya, mun ga saƙonki, a yi haƙuri da wannan jinkiri. Ki turo mana lambar shaidar turawar da ranar da aka yi ta akwatin saƙon wannan shafi. Kada ki rubuta lambar asusunki a nan, kuma duk wanda ya tambaye ki lambar sirri ba namu ba ne. Za mu dawo miki da bayani kafin ƙarfe huɗu na yamma." Akwai gaisuwa a ciki, akwai abin da za ta yi, akwai gargaɗi, akwai kuma lokaci, wanda dole ne a cika. Idan kuɗin ya dawo, a koma wurin da ta yi koken a bainar jama'a a rubuta cewa an warware, domin masu kallo su ga ƙarshen zancen.

Ba a goge koke, sai in zagi ne tsagwaronsa ko mutum ya wallafa bayanan asusunsa. Kuma yana da kyau kamfani da bakinsa ya sanar da kwastoma cewa idan mako biyu ya wuce ba a warware masa ba, yana da haƙƙin kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Manajoji da yawa ba sa son a faɗi wannan, amma ɗan kasuwa yana gane wanda ba ya tsoron a kai shi gaba.

Mataki na huɗu: zaɓen kafa

Ba dole ba ne a buɗe ko'ina. Facebook ne babban dandalin masu rubutu da Hausa, kuma a nan ake samun dattawan kasuwa. WhatsApp ne inda ciniki yake ƙulluwa, musamman na mata masu sana'a a gida da ke baje kayansu a sitatus, don haka duk bidiyon da aka yi a yi shi yadda zai yi sauƙin turawa a can. TikTok na matasa ne da gajeren bidiyo, Instagram na masu sayar da kayan ado da abinci, X kuwa wurin 'yan jarida da masu koke da babbar murya ne, a riƙe shi domin sanarwa da amsa. Ƙaramin kamfani ya fara da biyu ya riƙe su da kyau. A tuna cewa gwamnati ta rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, don haka a tanadi hanyar isa ga kwastoma da ba ta rataya a kan shafi ɗaya ba, kamar saƙon tes da sanarwar cikin manhaja.

Mataki na biyar: abin da za a wallafa

Mafi yawan abin da za a fitar ya zama koyarwa. A ɗora kyamara a kan hannu da waya, a nuna danna-danna ɗaya bayan ɗaya, murya tana bayani: yadda ake buɗe asusu, yadda ake canza lambar sirri, yadda ake toshe asusu daga wayar wani idan an sace taka, yadda ake tura kuɗi da ƙaramar waya ta lambobin da ake dannawa ba tare da data ba. Kowane bidiyo abu ɗaya, ƙasa da minti guda, mara nauyi, domin mai kallo yana lissafin datarsa. Bayani kan alat na bogi yana cikin waɗanda 'yan kasuwa suka fi turawa juna, kuma darasinsa gajere ne: kada a yarda da saƙon tes ko hoton rasiɗi, a buɗe manhaja a ga kuɗin a cikin asusu kafin a saki kaya.

Murya ta fi rubutu isa, saboda akwai masu dukiya da yawa da karatun boko bai dame su ba, amma kunnensu ya saba da rediyo. A rubuta da Hausa tun daga farko. Tallan da aka tsara da Turanci a Legas aka ba na'ura ta juya shi ana gane shi daga jimlar farko, kuma abin da mai karatu ke fahimta shi ne ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A kula da haruffa masu lanƙwasa, a kuma sa wanda ya tashi a yankin ya saurari muryar, domin abin da ya zauna daidai a kunnen Bakano ba lallai ya zauna a kunnen Basakkwace ba.

A faɗi caji a fili. Idan an ce tura kuɗi kyauta ne, a bayyana sau nawa a rana ko a wata, a kuma bayyana cewa harajin naira 50 da ake cira a kan turawar naira 10,000 zuwa sama na gwamnati ne. Naira 50 ba ta da yawa, amma wanda aka ce wa kyauta sannan ya ga an cire, ya gama yanke hukunci.

Akwai abubuwa biyu da suke buƙatar takatsantsan na musamman a wannan yanki, kuɗin ruwa da caca. Buɗe bankin Jaiz a 2012 da TAJBank a 2019 ya nuna yawan mutanen da ba sa son ruwa ya taɓa dukiyarsu. Idan manhaja tana ɗora ruwa a kan ajiya, a faɗa, a kuma nuna yadda ake kashe shi idan akwai hanyar yin haka. Kada a kira wani tsari halal don kawai a ja kasuwa, sai in kwamitin malamai masana ya duba shi kamar yadda ƙa'idar Babban Banki ta tanada ga cibiyoyin da ba sa hulɗa da ruwa. Haka nan maɓallin zuba kuɗi a shafukan caca, wanda ke cikin manhajoji da yawa, bai kamata ya bayyana a tallan da aka nufi Kano da shi ba, inda Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024. Ko gasar da ake cewa a tura kuɗi domin shiga ƙuri'a, a yi tunani sau biyu a kanta.

Lokaci ma yana da nasa. Da azumi mutane sun fi riƙe waya bayan tarawihi da wajen sahur, makonnin kafin sallah na masu yadi da teloli ne, kaka ta 'yan hatsi ce, farkon zangon karatu kuma na iyaye masu biyan kuɗin makaranta.

Mataki na shida: bakin da za a ara

Yawan mabiya ba shi ne yarda ba. Ɗan barkwancin da miliyoyi ke kallo zai sa a san sunan kamfani, amma ba lallai a ba shi amanar kuɗi ba, musamman idan a baya ya taɓa tallata wani tsarin da ya gudu da kuɗin mutane. A bi tarihin shafinsa kafin a kira shi, a rubuta yarjejeniya, a sa ya buɗe asusu ya yi amfani da shi da kansa, a duba abin da zai faɗa kafin ya saki, kuma ya bayyana cewa talla ne aka biya shi.

Sau da yawa mai POS ɗin unguwa ya fi tauraro amfani, domin shi ake tambaya wace manhaja ce ba ta riƙe kuɗi. A ɗauki bidiyonsa a rumfarsa yana aikinsa, da izininsa, a tura wa mutanen garinsa.

Mataki na bakwai: kashe kuɗi da auna sakamako

A fara da kaɗan. Tsarin tallan Meta yana ba da damar zaɓen gari, ko zana da'ira a kewayen kasuwa guda, don haka a tura talla inda kamfani yake da wakilan da za su karɓi tsaba su bayar. Tallata asusu a garin da ba inda za a cire kuɗi asara ce. A gwada bidiyo biyu ko uku na mako guda, a kashe wanda bai yi ba, a ƙara wa wanda ya yi. A sa harajin kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin tallan cikin lissafi.

Abin da za a auna ba yawan masu danna alamar so ba ne. A ba kowane talla tasa mahaɗar ko lambar gayyata, sannan a bi mutum daga sauke manhaja zuwa kammala rajista, zuwa turawa ta farko, zuwa ta biyu cikin kwana 30. Mu ƙaddara an kashe naira 500,000, mutum 2,000 suka sauke manhaja, 600 suka gama rajista, 200 suka dawo suka sake turawa. Kuɗin samun kwastoma ɗaya a nan naira 2,500 ne, ba 250 ba, kuma wannan adadin za a kai wa shugabanni. Giɓin da ke tsakanin sauke manhaja da gama rajista yakan fito ne daga wajen BVN ko NIN, waɗanda Babban Banki ya wajabta ko ga ƙananan asusu tun daga umarninsa na Disamba 2023. Wani sunansa ya saɓa, wani layin da ya yi rajista da shi ya ɓace. Maganinsa bidiyon da ke nuna yadda ake gyarawa, ba ƙarin kuɗin talla ba. Garaɓasar gayyato aboki kuma a ɗaura ta a kan turawa ta biyu, in ba haka ba masu farautar kyauta za su karɓa su goge manhajar a ranar.

Mataki na takwas: ranar da netwok ya tsaya

Wannan rana za ta zo, wani lokaci ma matsalar daga bankin da ake turawa ne ko daga layin NIBSS da ke haɗa bankuna. A rubuta sanarwarta tun yanzu, da Hausa da Turanci, a samu amincewar shugabanni a ajiye, a kuma san wanda yake da ikon sakinta ba tare da jiran taro ba. Da zarar an tabbatar da matsala, a dakatar da duk tallan da ke gudana da duk abin da aka tsara zai fita da kansa, domin ba abin da ke tunzura mai kuɗi a maƙale kamar ya ga kamfani yana wallafa barkwanci. Sanarwar ta faɗi abin da ya tsaya da abin da ke aiki, ta ce kada a sake tura kuɗin da bai tafi ba don gudun cira biyu, ta kuma faɗi ƙarfe nawa za a sake yin bayani, a kuma yi shi a lokacin ko da ba a gama gyara ba. A naɗi gajeren saƙon murya a tura wa wakilai masu POS, saboda su ne jama'a za su taru a kansu. Bayan komai ya daidaita, a sanar da lokacin da kuɗaɗen da suka maƙale za su koma, sannan masu teburin koke su bi waɗanda suka yi magana ɗaya bayan ɗaya su tambaye su ko nasu ya shigo.